Batirin sabuwar wayata: abin da na rubuta a bayan littafin awo

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau na ɗauko sabuwar waya a kasuwar Farm Centre da ke nan Kano, dal a kwalinta, kuma kuɗin da na zube sai da na ji shi a jikina. Tsohuwar ba allonta ne ya fashe ba, ba kuma sace ta aka yi ba. Batirinta ne ya yi ciki, ya kumbura har ya ɗaga murfin baya, kana iya zura farce a tsakani. Ko shekara biyu ba ta cika ba. Ina zargin duhun nan na watan Oktoban bara, da jihohin arewa suka yi kwana da kwanaki babu wuta. Kullum sai na kai ta wurin mai caji, ta wuni a kan tebur ƙarƙashin rumfar kwano tare da wayoyin unguwa, in karɓo ta da yamma kamar an sauke ta daga kasko. Tun daga nan ba ta ƙara riƙe caji ba.

Ni tela ne, kuma yanzu waya ita ce rabin shago. Awo ta WhatsApp ake turo mini, samfurin ɗinki a hoto, kuɗi ta tiransifa. In waya ta mutu da azahar, ciniki ya bi ta. Shi ya sa na ware shafukan ƙarshe na littafin awo don rubuta yadda nake yi wa wannan caji, in ga ko za ta fi 'yar'uwarta daɗewa.

Yaron da ya sayar mini ya ce: "Maigida, kada ka kunna ta sai ta yi awa takwas a caji, in ba haka ba batirin ba zai zauna ba." Ban yi masa musu ba, amma tun a cikin adaidaita sahu na kunna ta. Kashi 56 ta nuna. A jikin kwali an rubuta batir mAh 5000, wato awon yawan wutar da yake ɗauka, caja kuma wat 33, wato awon ƙarfinta.

Lahadi, 12 ga Janairu

Ƙanena da yake karatun lantarki ya zo gida, na faɗa masa maganar awa takwas. Dariya ya yi ya ce wannan shawarar gadon zamanin da ce. Lokacin da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, wayoyi da yawa irin su Nokia 3310 batirin nikel suke ɗauke da shi. Shi ne ake cewa a cika shi sosai a karon farko, a kuma bari ya ƙare kafin a sake jona shi, don kada ya saba da rabin aiki. Wayar yanzu kuwa batirin litiyam ne a cikinta, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, kuma halinsa dabam. Ba ya buƙatar a horar da shi. Abin da ba ya so shi ne ya ƙare ƙaf, ko ya daɗe a cike fal, ko ya sha zafi. Ya ce kashi 56 ɗin da na gani ba kuskure ba ne, da gangan ake turo waya da kusan rabin caji, don a haka batir ya fi jure zama a kwali wata da watanni.

Har ya ƙara mini da cewa mutum uku da suka yi aikin ƙirƙiro batirin sun sami kyautar Nobel a 2019, kuma ɗayansu, John Goodenough, yana da shekara 97 a lokacin. Na ce to shi kam nasa batirin ya riƙe caji.

Yayanmu yana zaune yana jin mu. Ya ce shi bai yarda ba, wanda yake sayar da waya ya fi ɗan makaranta sanin waya. Shi ma irin tawa zai saya mako mai zuwa, kuma awa takwas ɗin sai ta cika. Ƙanena ya ce: "Yaya, ba za ta lalace ba ai, in ta cika da kanta za ta daina sha. Lokacinka kawai za ka ɓata." Na ji daɗin wannan gardamar, don yanzu zan sami wadda zan gwada tawa da ita.

Asabar, 18 ga Janairu

An kawo wuta da hantsi, na zauna da agogo na auna. Daga kashi 20 zuwa 80, minti 38. Daga 80 zuwa 100, minti 31. Wato kashi 20 na ƙarshe sun kusa cin lokacin da kashi 60 suka ci. Da farko na ɗauka cajar ce ta gaji, sai aka fahimtar da ni cewa haka tsarin yake: wayar tana karɓar wuta da ƙarfi in batir yana ƙasa, in ya kusa cika sai ta riƙa ragewa.

Wannan ban sha wahalar gane shi ba, don na ɗinka matashin kai ba adadi. In kana cusa auduga, da farko da hannu biyu kake zubawa. In ya kusa cika sai ka koma turawa kaɗan-kaɗan da yatsa. Kuma matashin da aka cusa har ya yi tauri, ɗinkinsa ne yake fara buɗewa. Batir da yake zaune a kashi 100 kamar haka yake, a matse yake, kuma zaman matsin ne yake cin sa a hankali ko da ba a amfani da wayar.

Na kuma koyi yadda ake ƙirga shekarun batir. Ba da yawan jonawa ake ƙirgawa ba, da zagaye ne. Zagaye ɗaya shi ne ka cinye kashi 100 gaba ɗaya, ko a rana ɗaya ko a rarrabe. In ka ci 50 yau ka cika, gobe ka ci 50, zagaye ɗaya ke nan ba biyu ba. Ashe tsoron da nake ji na yawan sa waya a caji sau uku a rana ba shi da tushe. Kamfanin Apple ya ce batirin wayoyinsa har zuwa iPhone 14 an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, daga iPhone 15 kuma zagaye 1000. Tawa ba iPhone ba ce, amma na sami ma'aunin da zan riƙa tunani da shi.

Na sauke manhajar AccuBattery, wadda take ƙiyasta ƙarfin batir daga wutar da take shiga, kuma tana ƙara in caji ya kai inda ka saita. Na saita 80. Doka ta farko: kada ta sauka ƙasa da 20, kada ta wuce 80.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Dokar ba ta yi mako uku ba ta ci karo da gaskiyar garinmu. Wanda ya tsara maganar 20 zuwa 80 yana zaune ne inda soket ba ya ƙarya. Jiya na cire ta a 80 da ƙarfe goma na safe ina ta jin kaina, minti kaɗan aka ɗauke wuta, ba a dawo da ita ba sai ƙarfe ɗaya na dare. Kafin isha'i ina kashi 9, ga wata Hajiya tana ta turo hoton wuyan rigar da take so.

Na gyara dokar. In ina shago kuma akwai mai a janareta, 80 ta isa. In ban san lokacin da zan sake ganin wuta ba, sai ta cika. Waya don aiki na saye ta, ba don ado ba.

Sauran matsalar dare. Wuta a unguwarmu ta fi zuwa tsakar dare, ba kuma zan tashi ƙarfe biyu don in cire waya ba. Na shiga saitin batir na tarar akwai wurin da ake kunna kariyar cajin dare, wanda yake tsayar da ita kafin ta cika, sai gab da lokacin da na saba tashi ya ƙarasa. Apple ya sa irin wannan tun 2019, Samsung ma yana da nasa da ya fara da tsayawa a 85. Na kunna. Illarsa ɗaya: in an ɗauke wuta kafin asuba, a inda ta tsaya zan same ta.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Yaron shagona ya ari igiyar cajata ya tafi da ita gida, ya dawo ya ce ƙanwarsa ta tauna bakin. Na sayi wata a hannun wani mai yawo da su a kan titi, arha kamar kyauta. Arhar ta nuna kanta. Na jona a kashi 30, bayan awa guda tana 52. Alamar caji mai sauri ma ba ta fito ba. In na taɓa allo tana caji, sai rubutu ya riƙa tsalle, in danna nan ya buɗe can. Bakin igiyar kuma ya yi zafi.

Ƙanena ya yi mini lissafin a bayan wani ƙyalle da alli. Wat shi ne bolt, wato ƙarfin da yake tura wuta, sau amfiya, wato yawan wutar da take gudana. Caja ta gama-gari bolt 5 ce da amfiya 2, wato wat 10. Kafin waya ta sha wat 33, sai ita da kan cajar sun yi magana sun amince da juna, kuma igiyar da take tsakani ta zama mai kaurin da za ta ɗauki wutar. Ta jabu tagullar cikinta siririya ce kamar zaren keke, wuta tana ɓacewa a hanya ta zama zafi. Ya ce jinkirin caji kansa ba ya cutar da batir, hasali ma caji a hankali ya fi masa sauƙi. Abin tsoro shi ne kan caja na jabu, wanda ba ya tace wuta da kyau, musamman a kan ƙaramin janareta irin nawa da yake hawa da sauka duk lokacin da aka kunna injin surfani. Tsallen da allo yake yi alama ce ta wuta maras tsabta.

Na koma kasuwa na sayi igiya ta ƙwarai, ninki huɗu na kuɗin waccan. Na kuma daina jona waya a lokacin da ake tayar da janareta ko kashe shi. Sai ya daidaita tukuna. Yaron kuwa na ce masa daga yau cajata ba ta fita daga shagon nan.

Laraba, 12 ga Maris, 12 ga Ramadan

Duk abin da na rubuta a baya wasa ne. Yau na ga ainihin abokin gabar.

Zafi ya sauka a Kano, ga azumi, ga ɗinkin sallah ya taru har bakin ƙofa. Shagona rufin kwano ne babu silin. Soket ɗin da nake caji yana jikin bango kusa da teburin guga, kuma dutsen gugar namu na gawayi ne. Da la'asar na jona wayar a can, na kunna tafsiri kai-tsaye ina saurare, na kuma buɗe wa yaron intanet daga wayata don ya sauke wani samfuri. Tana cikin rigarta ta roba mai kauri, a kwance a kan tarin shadda. Da na ɗauka don amsa kira, sai da na canza hannu. Manhajar ta nuna zafin batir digiri 44. Caji kuma ya tsaya cak a kashi 61, wayar da kanta ta rage sha don ta kare kanta.

Na zauna na ƙirga hanyoyin da zafi ya shigo: na gari, na kwano, na gawayi, na caji mai sauri, na bidiyo, na raba intanet. Sannan roba da shadda suka rufe shi ya rasa hanyar fita. Ni da kaina na gina mata tanda. Apple ya rubuta cewa wayarsa ta fi jin daɗi tsakanin digiri 16 zuwa 22, kuma a guji wurin da ya wuce 35, don zafi irin wannan yana rage ƙarfin batir har abada, ba ya dawowa. Da na karanta sai da na yi murmushi. Mu a watan Afrilu inuwa ma tana kai 40. Digiri 22 sai dai da sanyin hunturu. To amma in ba zan iya sauya Kano ba, zan iya sauya wurin ajiya.

A nan na gane abin da ya kashe tsohuwar wayata. Ba yawan caji ba ne, ba kuma rashin cika awa takwas ba. Cika fal ne a cikin zafi, kullum, a teburin mai caji. Abu biyun da batir ya fi ƙi suka haɗu a kansa.

Abin da na yi yau: na ja wata igiyar soket zuwa lungun da yake nesa da guga, inda ƙasa siminti ne mai sanyi. In zan yi caji sai in tuɓe mata riga in kwantar da ita a kan simintin, allo a ƙasa, baya a sama. Ba kallo, ba raba intanet, sai ta gama. Tafsiri kuwa na ɗauko tsohuwar rediyon Baba na sa mata batir, ta fi waya murya ma. Na mayar da lokacin caji bayan sahur da kuma bayan sallar tarawihi, lokacin da gari ya ɗan huce. Da na gwada da daddare, digiri 35 ta tsaya.

Da na ba maiɗakina labari, cewa ta yi in riƙa jefa ta a firij na minti biyar in ta yi zafi. Na ce a'a. Kin ga yadda kwalbar ruwan sanyi take zufa in an fito da ita? Haka raɓa za ta taru a cikin wayar, in gudu daga zafi in faɗa wa ruwa. Inuwa da fanka sun isa.

Asabar, 29 ga Maris, jajiberin sallah

Babu doka a wannan makon. Sau biyu ta mutu ƙaf, sau ɗaya ta kwana a caji ƙarƙashin yadi, ina kira tana jone. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, wa yake ta batir. An ga wata, gobe sallah, saura riguna huɗu. Na rubuta ne kawai don kada littafin ya yi mini ƙarya.

Litinin, 14 ga Afrilu

Da kuɗin ɗinkin sallah na sayi fawa banki, mAh 20,000. A lissafina na kasuwa, 20,000 a raba da 5000, caji huɗu ke nan. Na gwada mako biyu, bai taɓa kai uku cikakku ba. Na fara shirin mayarwa, sai ƙanena ya juya bayansa ya nuna mini ƙananan rubutu. Lambar 20,000 ɗin a kan bolt 3.7 na batirin cikinsa aka auna ta, wato wat-awa 74. Kafin wutar ta fito sai an ɗaga ta zuwa bolt 5 ko fiye, wayar kuma ta sake sauke ta, kuma a kowane juyi wani kaso yana tafiya a zafi. Kamar ka auna yadi goma ne, in aka yanka aka ɗinka ba goma za ka gani a jikin riga ba. Ba cuta ba ce ashe, ni ne ban iya karanta awon ba.

Amfaninsa babba shi ne ya dawo mini da dokar 80. Tunda akwai ajiya a aljihu, ba na tsoron cire waya kafin ta cika. Shi fawa bankin ne yake kwana a soket yana jiran wuta. Sai dai shi ma litiyam ne, ba na haɗa shi da waya a aljihu ɗaya suna caji suna dafa juna.

Wani abu ya tayar mini da hankali yau. Na tarar da ƙaramin ɗana yana wasa da tsohuwar wayar, yana danna kumburin da tsinken tsire. Na fizge. Kumburin iska ce da take taruwa in sinadaran ciki sun lalace, kuma in aka huda batirin litiyam yana iya kamawa da wuta nan take. Wanda ya tuna wayar Samsung Galaxy Note 7 a 2016, da aka janye ta daga kasuwa aka hana shiga jirgin sama da ita saboda batirinta yana kamawa, ya san ba wasa ba ne. Na kai ta wurin mai gyaran waya ya cire batirin ya ajiye a inda yake tara irinsu. Laifina ne da na bar ta a aljihun tebur wata uku.

Asabar, 10 ga Mayu

Mun je ɗaurin aure ƙauyen su maiɗakina, kwana biyu. Na cika ta 100 kafin mu tashi, ban ji komai ba. Abin mamaki, da kyar na taɓa ta, amma kafin magariba ta sauka 47. Sabis ne babu. Layi ɗaya yake nunawa, wani lokaci ya ɓace, ita kuma tana ta ƙara ƙarfi tana neman eriya kamar mai kiran wanda yake hayin kogi. Da dare na sa ta a yanayin jirgin sama, da safe kashi 2 kacal ta ci. Na riƙa buɗewa sau uku a rana, in hau tudun bayan masallaci inda kowa yake tsayawa yin waya, in duba saƙo in rufe.

A can mai caji da sola yake yi. Na kai masa fawa banki maimakon waya, tare da kan cajata da igiyata, na roƙe shi ya sa shi a ƙasan tebur inda rana ba ta kaiwa. Ya dube ni ya ce: "Malam, kai ma'aikacin waya ne?" Na ce tela ne, an taɓa cizona ne kawai.

A hanyar dawowa na ga direbanmu ya ɗora tasa a gaban gilashin mota, rana tana dukanta, tana jone da caja. Na yi masa magana. Ya ce shekara uku haka yake yi. Na tambaye shi batir nawa ya canza, ya ce biyu, sai ya ƙara sautin rediyo.

Juma'a, 20 ga Yuni

Damina ta sauka, shago ya yi sanyi, zafin batir a lokacin caji ya dawo 33 zuwa 34 ko da rana. Ɗinkin babbar sallah bai wahalar da ita kamar na ƙarama ba.

Damina da nata sharrin. Shekaranjiya ruwa ya kama ni a hanya, wayar tana aljihun gaba. Da na isa gida na jona, sai ta nuna gargaɗin akwai danshi a bakin caji, ta ƙi karɓa. Ban matsa mata ba. Na girgiza ta baki a ƙasa, na bar ta gaban fanka har safe. Ban zura tsinke ba, ban hura mata iskar zafi ba. Da safe ta karɓa lafiya. Kuma yanzu in hadari ya haɗo ana walƙiya, ina zare duk abin da yake soket, don maƙwabcina ya rasa talabijin a irin haka bara.

Ƙanena ya turo mini labarin cewa daga yau wata doka ta fara aiki a Tarayyar Turai: duk sabuwar wayar da za a shigar kasuwarsu, dole batirinta ya jure zagaye 800 kuma ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa. Na ɗauki biro. A rana ina cin kusan kashi 85, wato zagaye 310 a shekara in an ƙiyasta. A ma'aunin 500, shekara ɗaya da wata bakwai. A ma'aunin 800, shekara biyu da rabi da ɗoriya. Waɗannan lambobi kuwa a ɗakin gwaji mai sanyi ake fitar da su, ba a shagon tela a watan Afrilu ba. Don haka na fara rage cin da ba dole ba, tunda kowane kashi da na tsimi ragin zagaye ne. Na rage hasken allo, na sa ya riƙa mutuwa bayan daƙiƙa 30, na hana WhatsApp sauke bidiyon zaurukan unguwa da kansa. Wannan na ƙarshen har data ya tsimar mini.

Asabar, 12 ga Yuli

Wata shida da kwana ɗaya. Manhajar ta ce ƙarfin batirina kashi 97 ne na abin da aka rubuta a kwali. Yaya ya zo karɓar kaftaninsa, na roƙe shi wayarsa. Tun watan jiya na sa masa manhajar a ɓoye don ta tara lissafi. Shi nasa tsarin bai canza ba: caji duk dare har safe, waya ƙarƙashin matashin kai, a cikin riga. Tasa ta nuna 93.

Na so in yi ta murna, ƙanena ya kwantar da ni. Ya ce manhajar ƙiyasi take yi, tana iya kuskuren kashi biyu ko uku sama ko ƙasa, kuma Yaya ya fi ni kallon ƙwallo a waya, zagayensa sun fi nawa yawa. Waya biyu ba sa zama hujja. Yaya kuwa ya ce: "Kai, duk wannan wahalar tuɓe riga da kwantarwa a siminti a kan kashi huɗu?" Na ce wata shida ne kawai, Yaya, mu haɗu a shekara biyu. Ya ce kafin nan shi ya canza waya.

Abin da ya rage a tsarina bayan duk gyare-gyaren bai kai yadda na fara ba. Lungun siminti yana nan, tuɓe riga yana nan, ba na kallo tana caji. Kashi 80 in da hali, 100 in tafiya ta kama. Ƙararrawar manhajar na kashe ta, ta ishe ni, yanzu da ido nake dubawa. Sau ɗaya a wata biyu nakan bar ta ta sauka sosai sannan in cika ta, ba don batirin ba, don lambar da take nunawa ta daidaita.

Igiyar da na saya a Fabrairu ta fara tsagewa a wuya, inda take lanƙwasa in waya tana ƙasa. Na naɗe wurin da zare na ɗaure kamar yadda nake yi wa bakin maɓalli. Awo na gaba 11 ga Janairu, in Allah ya kai mu, na riga na ja layi a shafin na rubuta sunana da na Yaya.